Sarakuna uku da suka mutu a shekarar 1603, da abin da ya biyo bayan kowannensu

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in ajiye wata magana a gabanku mu tattauna. A shekarar 1603 manyan masu mulki uku suka bar duniya cikin wata tara. Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila ta mutu a fadar Richmond ranar 24 ga Maris, tana da shekara 69, bayan ta yi shekara 44 a kan gado. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta rusa daular Songhai, ya rasu a kusa da birnin Fas cikin watan Agusta, annoba ce ta yi ajalinsa. Shi kuwa Sultan Mehmed na uku, na daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya rasu a Istanbul cikin watan Disamba yana ɗan shekara 37. Abin da ya sa na ga maganar ta cancanci zama a kanta shi ne, mutanen nan uku ba baƙin juna ba ne, domin wasiƙu da jakadu da kyaututtuka sun riƙa kaiwa da komowa tsakanin fadojinsu, kuma dukansu suna da abokin gaba guda, wato gidan sarautar Habsburg da ke mulkin Sifaniya da Ostiriya. Tambayata ita ce: cikin daulolin uku, wacce mutuwar sarkinta ta fi girgizawa, kuma me ya sa?

Ɗan Gidan Alƙali:
Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, kafin a je ga tambayarka ina da ja a kan tushen maganar. Babu shekarar da za a ɗauko a duba ba a samu manyan mutane uku ko goma da suka mutu a cikinta ba, saboda haka haɗa su wuri ɗaya don kawai lambar shekara ta zo ɗaya bai zama ilimi ba a ganina. Sannan ita kanta shekarar akwai magana. A wancan zamani Ingila tana fara ƙidayar sabuwar shekara ne ranar 25 ga Maris, wanda ke nufin cewa a takardun hukumar Ingila sarauniyar ta mutu ne a ranar ƙarshe ta shekarar 1602. Sikotland ce, wadda ta mayar da farkon shekararta 1 ga Janairu tun 1600, ta ƙidaya ranar a cikin 1603. Ƙari a kan haka, Ingila ba ta karɓi gyaran kalandar da Paparoma Gregory ya yi a 1582 ba sai a 1752, don haka ranar da Landan ta kira 24 ga Maris, a Sifaniya da Faransa 3 ga Afrilu ce. Idan kuma muka koma ga lissafin da su al-Mansur da Mehmed suka sani, wato na Hijira, sarauniyar ta mutu a Shawwal na 1011, su kuwa sun rasu a Rabi'ul Awwal da Rajab na 1012. A wurin marubutan fadar Marakesh da na Istanbul, ba shekara ɗaya suka mutu da ita ba.

Malamin Tarihi:
Duk abin da ka faɗa a kan kalanda haka yake, kuma yana da kyau masu karatu su sani. Amma ko da wace kalanda aka auna, tazarar wata tara tana nan ba ta ƙaru ba. Ni kuma ban ce akwai wani sirri a cikin lambar ba. Amfanin da nake gani shi ne, dauloli uku sun fuskanci jarrabawa iri ɗaya a lokaci ɗaya, cikin duniya ɗaya, da makamai iri ɗaya da annoba iri ɗaya, domin annobar da ta kashe al-Mansur tana da 'yar'uwa a Landan a wannan shekarar, wadda ta kashe mutum wajen dubu 30 har ta sa aka taƙaita bikin naɗin sabon sarki. Idan yanayi ya zo kusan ɗaya amma sakamako ya bambanta, to akwai abin da mai nazari zai tsaya ya duba.

Malama daga Maraɗi:
Ina goyon bayan Malam a nan, kuma zan amsa tambayarsa kai tsaye: Maroko ce ta fi shan wuya, nesa ba kusa ba. Abin mamakin shi ne, idan da a ce an tambayi wani mai hankali a shekarar 1600 wace daula ce za ta wargaje bayan sarkinta, da Ingila zai nuna. Elizabeth ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ta ƙi bayyana magajinta, har doka aka yi da ta hana mutane tattauna batun a rubuce. Al-Mansur kuwa yana da 'ya'ya maza manya, kowanne ya riƙe lardi, kuma tuni ya sa an yi wa ɗaya daga cikinsu, Muhammad al-Shaikh al-Ma'mun, mubaya'a a matsayin mai jiran gado. Amma da ranar ta zo, sai aka wayi gari an shelanta James na Sikotland a matsayin sarkin Ingila cikin 'yan sa'o'i, babu wanda ya zare takobi. Wani bafade, Robert Carey, ya hau doki daga Landan ya isa Edinburgh kafin cikar kwana uku don ya zama na farko da zai kai albishir. A Maroko kuwa, mutanen Fas suka yi wa ɗansa Zaidan mubaya'a, mutanen Marakesh suka yi wa wani ɗan nasa, Abu Faris, shi kuma Abu Faris ya fito da al-Ma'mun daga kurkukun da mahaifinsu ya jefa shi saboda tawaye, ya ba shi runduna don ya yaƙi Zaidan, sai al-Ma'mun ya ci yaƙin ya kuma nemi sarautar wa kansa. Daga nan aka shiga yaƙin basasa na shekaru, Marakesh tana fita daga hannun wannan tana faɗawa hannun wancan, har ta kai al-Ma'mun ya miƙa wa Sifaniya tashar jiragen ruwa ta Larache a 1610 don ta taimake shi a kan ɗan'uwansa. Ku duba fa: ɗan mutumin da ya hau mulki a 1578 a filin yaƙin Wadi al-Makhazin, inda aka karya rundunar Fotugal kuma sarkinta Sebastian ya mutu, shi ne ya ba Turawa gari da hannunsa.

Ɗan Gidan Alƙali:
Malama, na yarda da yadda kika zayyana abin da ya faru a Maroko, amma kin wanke Ingila fiye da yadda ta cancanta. Sauƙin da aka gani a 1603 an biya kuɗinsa tun da wuri. Mahaifiyar James ɗin nan, wato Mary Sarauniyar Sikotland, Elizabeth ce ta sa hannu aka fille mata kai a 1587 bayan ta tsare ta kusan shekara 19. Earl na Essex, wani babban bafaden sarauniya wanda ya so ya zama mai naɗa sarki, an kashe shi a 1601. Bayan nan ne sakataren sarauniya, Robert Cecil, ya shiga musayar wasiƙu a asirce da James, yana shirya masa hanya ba tare da uwargijiyarsa ta ba da izini a fili ba. Wato an riga an share fagen da jini da makirci kafin ta kwanta ciwon ajali. Kuma shekara biyu kacal bayan hawansa, a 1605, wasu suka tara gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisa don su tashi sarki da 'yan majalisar gaba ɗaya.

Malama daga Maraɗi:
Ban musa ko ɗaya ba, Malam, amma abin da ka kawo hujjata ce. Ingila tana da majalisar mashawarta da sakatarori waɗanda ke iya yanke shawara su zartar ko da gadon sarauta babu kowa a kansa. Al-Mansur kuwa ya tattara komai a hannunsa: baitulmali, rundunar 'yan bindiga, gonakin rake da matatun sukari, da zinariyar da ake kawowa daga kudu. Ya gina fadar al-Badi da marmara daga Italiya, amma bai gina wata hukuma da za ta iya ce wa 'ya'yansa ga wanda zai hau, saura su bi ba. Akwai ma wani abu da ke nuna yadda ma'aikatan Ingila suka riƙe al'amari. A Ayaland, jagoran tawaye Hugh O'Neill ya miƙa wuya a Mellifont a ƙarshen watan Maris ɗin nan, ya durƙusa yana neman afuwar sarauniyar da ta yi kwana shida da mutuwa, domin wakilinta Mountjoy ya samu labarin ya ɓoye masa har aka kammala yarjejeniya.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Gaisuwa ga iyayena da malamaina. Ni ƙaramin ɗalibi ne, ina da tambaya biyu. Ta farko, Malam ya ce akwai wasiƙu tsakanin waɗannan sarakuna, ina so a faɗaɗa mana, domin ban taɓa jin cewa sarauniyar Ingila ta yi hulɗa da sarakunan Musulmi a wancan zamani ba. Ta biyu, a littafin da muka karanta a sakandare an rubuta cewa Mai Idris Alooma na Borno ya yi mulki daga 1571 zuwa 1603. Me ya sa ba a sa shi cikin jerin ba?

Malamin Tarihi:
Madalla da tambaya, ɗana. Dalilin hulɗar a fili yake. A 1570 Paparoma ya fitar da Elizabeth daga cocin Katolika, sai Ingila ta zama saniyar ware a tsakanin manyan ƙasashen Turai, ta kuma shiga neman kasuwa da abokai a wani wuri. Daga Maroko tana sayen sukari da kuma gishirin da ake haɗa albarushi da shi, tana kai yadi da katako da kayan yaƙi, har aka kafa kamfanin cinikin Maroko a Landan a 1585. A shekarar 1600 al-Mansur ya aika da sakatarensa Abdulwahid bin Mas'ud jakada zuwa Landan, ya zauna wajen wata shida, kuma hoton da aka zana masa da rawani da takobi yana nan a Ingila har yau. Abin da ya je da shi ba ƙarami ba ne: shawarar ƙasashen biyu su haɗa ƙarfi su auka wa Sifaniya. Daga baya ma al-Mansur ya rubuta yana ba da shawarar a ƙwace yankunan da Sifaniya ta mallaka a nahiyar Amurka, mutanensa su zauna a can tun da sun fi Ingilishi jure zafi. Ba a kai ga aiwatarwa ba, kuma da James ya hau sai ya yi sulhu da Sifaniya a 1604, maganar ta mutu gaba ɗaya.

Ta ɓangaren Istanbul kuwa, Elizabeth ta yi musayar wasiƙu da Safiye, mahaifiyar Mehmed na uku, ta aika mata da keken doki na alfarma. Shi kuma sultan an aika masa a 1599 da wata babbar na'urar kiɗa mai haɗe da agogo, wadda ke kaɗa kanta idan lokaci ya yi, kuma maƙerinta Thomas Dallam ya bi ta har cikin fada ya harhaɗa ta ya kaɗa a gaban sultan. Batun Borno zan bar wa ɗan'uwanmu na Yerwa, ya fi ni kusa.

Ɗan Yerwa:
Na gode, Malam. Ɗana, abin da ka karanta haka yake a tsofaffin littattafan makaranta da yawa, amma masu bincike na baya, musamman Dierk Lange wanda ya yi aiki a kan jerin sarakunan Saifawa, sun sa mulkin Mai Idris daga 1564 zuwa 1596. Tun da akwai wannan saɓani na shekara bakwai, bai kamata a jera shi da mutanen da aka san ranar mutuwarsu da watanta ba. Sai dai yana da wuri a cikin wannan hira ta wata fuskar. Mai Idris ya aika da jakadu Istanbul a zamanin Murad na uku, mahaifin Mehmed, sannan a farkon shekarun 1580 ya aika Marakesh yana neman taimakon sojoji da bindigogi. Al-Mansur ya ga dama ta samu, ya ce sai Borno ta yi masa mubaya'a a matsayin halifa, kuma marubucin fadarsa al-Fishtali ne ya tsara takardar mubaya'ar. Wannan yana nuna cewa tun shekara kusan goma kafin yaƙin Songhai, idon al-Mansur yana kan ƙasashen kudancin Sahara baki ɗaya, yana kuma gasa da Turkawa a kan wa ya cancanci a kira shi shugaban Musulmi.

Bakabe:
Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in shigo, domin an yi ta maganar al-Mansur kamar wani gwarzon da 'ya'yansa suka ɓata wa aiki, ni kuwa ban ga haka ba. Mutumin nan ya tura Judar Pasha da mayaƙa wajen dubu huɗu suka ƙetare hamada, suka haɗu da sarkin Songhai, Askiya Ishaq na biyu, a Tondibi cikin Maris 1591, bindiga ta rinjayi mashi da doki, daular Musulmi mai shekaru aru-aru ta faɗi a hannun wanda ke kiran kansa halifa. Ba a tsaya nan ba. A 1593 aka kama malaman Tambutu, aka kashe wasu, aka wawashe gidajensu, a 1594 aka tasa ƙeyar sauran cikin sarƙa zuwa Marakesh, cikinsu har da Ahmad Baba, wanda ya ce an kwashe masa littattafai 1,600 kuma shi ne mai mafi ƙarancin littattafai a danginsa. Mu a nan abin ya taɓa mu kai tsaye. Ragowar Songhai sun ja daga a Dendi ƙarƙashin Askiya Nuhu, kuma al-Mansur ya rubuto wa Kanta Dawud na Kabi wasiƙa yana zarginsa da ba su mafaka da taimako, yana neman ya yi biyayya ya riƙa biyan abin da yake ba Askiya, in ba haka ba ya ga runduna. Littafin tarihin da malamin Tambutu al-Sa'adi ya rubuta ya kawo cewa da aka kashe kwamandan rundunar Maroko, Pasha Mahmud bin Zarƙun, a 1595, an aika da kansa wurin Askiya Nuhu, shi kuma ya aika wa Kanta, aka kafa shi a kan sanda a kasuwar Leka. Saboda haka idan ana tambayar wa mutuwar 1603 ta girgiza, ni zan ƙara da tambayar wa ta sauƙaƙa wa. Daga ranar da 'ya'yansa suka kama yaƙi da juna, barazanar da ke kan Kabi da ƙasashen da ke gabas da ita ta kau, domin babu sauran mai sukunin tura runduna ta ƙetare hamada da niyyar ci gaba da cin ƙasa.

Malama daga Maraɗi:
Yaya Bakabe, ban kira shi gwarzo ba, kuma ina tare da kai a kan abin da aka yi wa Tambutu. Sai dai sauƙin da kake faɗa bai kai ga mutanen kogin Kwara na can sama ba. Sojojin da aka bari a Tambutu da Gao da Jenne ba su koma gida ba. Da Marakesh ta shagala, sai suka zama masu gashin kansu, a 1612 suka tuɓe pashan da aka naɗa musu suka ɗora nasu, daga nan kuma aka shiga naɗi da tuɓewa ba iyaka, talakawa da fatake suna biyan kuɗin kowane sabon pasha. Zuriyarsu, waɗanda ake kira Arma, sun riƙe garuruwan fiye da ƙarni ɗaya.

Bakabe:
Haka ne, ƙanwata. Amma Ahmad Baba dai ya samu fita. Al-Mansur ya sake shi daga tsare amma ya hana shi barin Marakesh, inda ya zauna yana karantarwa manyan malamai da alƙalai suna zama a gabansa. Sai bayan mutuwarsa Zaidan ya ba shi izini, ya isa Tambutu a 1608. Kuma a can ne a 1615 ya rubuta amsarsa ga mutanen Tuwat, wani yanki a cikin Sahara, a kan bauta, Mi'raj al-Su'ud, inda ya lissafa Borno da Kano da Katsina da Songhai cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba, ya kuma ƙaryata masu ɗaukar baƙar fata a matsayin dalilin bauta. Mutumin da aka ja cikin sarƙa ne ya rubuta wannan. Da al-Mansur ya ƙara shekara ashirin a duniya, da wuya a bar shi ya dawo gida.

Ɗan Gidan Alƙali:
An bar Istanbul a baya, alhali a ganina a can ne 1603 ta fi barin alama mai ɗorewa. Mehmed na uku da ya hau a 1595 ya sa an shaƙe 'yan'uwansa maza 19, mafi yawansu yara ƙanana, aka fito da gawarwakinsu daga fada a jere, abin da ya tayar wa mutanen birnin hankali ƙwarai. A watannin ƙarshe na rayuwarsa ma ya sa an kashe babban ɗansa Mahmud bisa zargin yana ƙulla masa makirci. Da ya rasu, 'ya'ya maza biyu kawai ya bari, Ahmed mai shekara 13 da ƙaninsa Mustafa. Ga yaƙi da Ostiriya tun 1593, ga tawayen Jelali a Anatoliya, ga Shah Abbas na Farisa ya ƙwace Tabriz watanni biyu kafin nan. Kashe Mustafa a wannan hali yana nufin a rataya dukan gidan Usman a wuyan yaro ɗaya da bai haihu ba, don haka aka bar shi da rai a tsare cikin fada. Da Ahmed ya rasu a 1617, Mustafa ne ya hau, karo na farko da ɗan'uwa ya gaji ɗan'uwansa maimakon ɗa ya gaji uba, kuma daga nan aka doshi tsarin ba babba a gida sarauta.

Malamin Tarihi:
Na ji daɗi da wanda ya fara da cewa haɗin ba ilimi ba ne ya kawo mana mafi ƙarfin misali. Amma zan rage wa maganarka kaifi kaɗan: kisan 'yan'uwa bai tsaya cak a 1603 ba, domin Osman na biyu ya kashe ƙaninsa a 1621, Murad na huɗu ma ya kashe nasa. Abin da ya ƙare shi ne mayar da shi ƙa'idar ranar hawa gado. Kuma sabon tsarin ya zo da tasa illar, tun da yariman da a da ake tura shi lardi ya koyi mulki, yanzu sai ya girma a ɗaki a kulle. Mehmed na uku shi ne sultan na ƙarshe da ya riƙe lardi kafin ya hau.

Ɗan Gidan Alƙali:
Ban janye ja na ba, Allah gafarta Malam. Abin da ya ba hirar nan ma'ana shi ne alaƙar da ke tsakanin mutanen da kuma matsalar gado da ta haɗa su, kuma da Mehmed ya ƙara kwana goma sha biyu ya shiga Janairun 1604, da babu abin da zai canza a cikin bayanina sai dai ya fita daga jerinka.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Na ƙaru sosai. Saura abu ɗaya: littattafan da aka kwashe daga Tambutu, da na fadar al-Mansur, ina suka ƙare bayan yaƙin basasar?

Ɗan Yerwa:
Abin da aka tabbatar shi ne labarin taskar littattafan fadar, wadda Zaidan ya gada. A 1612 wani mai da'awar Mahadi, Ibn Abi Mahalli, ya kore shi daga Marakesh, sai ya gudu bakin teku ya yi hayar jirgin wani Bafaranshe, Jean Philippe de Castelane, ya loda masa dukiyarsa da littattafai kusan dubu huɗu don a kai su Agadir. Da aka yi jinkirin biyansa kuɗin haya, sai mai jirgin ya juya da kayan ya nufi Faransa, a hanya kuma jiragen yaƙin Sifaniya suka kama shi. Aka kai littattafan fadar El Escorial kusa da Madrid. Zaidan ya yi ta aike yana neman a mayar masa har ya rasu a 1627, shekarar da Ahmad Baba ma ya rasu a Tambutu, ba a mayar ba. Gobarar da ta tashi a El Escorial a 1671 ta cinye kaso mai yawa, ragowar kuma suna can har yanzu, sai dai a 2013 Sifaniya ta ba Maroko kwafin hotunansu.